Neman shawara: mujallar unguwarmu ta fito da kuskure, ga bashi, ya za mu yi da fitowa ta biyu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawara, musamman daga masu aikin ɗab'i da duk wanda ya taɓa fitar da jarida ko mujalla.

Mu shida ne a nan Agege muka haɗa kai muka ce bari mu fitar da 'yar mujalla da Hausa, saboda yaranmu da aka haifa a Legas suna jin Hausa a baki amma ka ba su takarda su karanta sai ka tausaya, ga dattawan da suka san yadda Hausawa suka zauna a nan tun zamanin fataucin goro suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya rubuta abin da ke bakinsu. Wata huɗu muka yi a kai. Ni ne nake bin tsofaffi bayan la'asar ina naɗar hira a waya, da dare in zauna in kwafe, wani lokaci wutar ta ɗauke in ci gaba da fitilar waya. Shafi 24, kwafi 500, muka kai wurin masu aikin ɗab'i a Shomolu.

Da aka nuna min samfur na ga duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sun koma ɗan akwati. Mai aikin ya ce kar in damu zai gyara. Ban koma na duba ba, wannan laifina ne. Ashe gyaran da ya yi shi ne ya cire lanƙwasar gaba ɗaya. A ƙarƙashin hoton dattawanmu mun rubuta "manyan baƙi", ya fito "manyan baki". Wlh a cikin danfo na buɗe na gani, har na sauka jikina a sanyaye yake. Ɗaya daga cikinsu, sa'an mahaifina, ya kira ni ya ce yaro haka za ka saka mana? Na kasa cewa komai.

Sai kuɗi. Mutum tara suka ba da talla, uku ne suka biya, sauran kullum "ka dawo jibi". Mujallar kuma kyauta muka raba. Yanzu biyu daga cikinmu sun ce a haƙura kawai. Ni raina bai ba ni ba. Me kuka gani?

Wani mai aikin ɗab'i, Shomolu:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa abin da ya same ka ya sha faruwa, har masu Yarbanci ma ɗigon ƙasan harafinsu yana ɓacewa haka. Salon rubutun da ka yi amfani da shi ne babu a kwamfutarsa, shi kuma ba ya jin Hausa, a wurinsa k da ƙ duk ɗaya ne. Nan gaba ka nemi salon rubutun Noto Sans ko Charis SIL, kyauta ne a intanet kuma suna da duk haruffanmu. In a manhajar CorelDraw kuka tsara, ka ajiye kwafi ɗaya gefe, sannan ka zaɓi duk rubutun ka danna Ctrl da Q, zai koma zane, ba wanda zai iya taɓa maka harafi. Ka fitar da PDF ka ba shi. Kuma kar a yi filet, wato farantin da ake ɗora wa injin bugawa, sai ka riƙe samfur a hannunka ka karanta shafi-shafi ka sa hannu, domin da zarar an yi filet gyara sabon kuɗi ne. Hotuna kuma a daina turo maka su kai tsaye ta WhatsApp, yana matse su su fito dishi-dishi, a turo su a matsayin fayil. In za ku rage shafi ku rage huɗu-huɗu, 24 zuwa 20 ko 16, tunda takarda ɗaya in an naɗe ta shafi huɗu take bayarwa. Ciki ku yi baƙi da fari a takarda mai gram 70, bango kawai mai kala. Za ka ga bambancin kuɗin da idonka.

Wani Alhaji, kasuwar Mile 12:
Yaro, maganar kuɗin nan ni zan faɗa maka. Mu 'yan kasuwa ko kwandon tumatir ba ma saukewa sai an yi ciniki, kai kuma ka buga wa mutum talla kafin ya biya? Wanda bai kawo kuɗi ba shafinsa ba ya shiga, ko ɗan uwanka ne. Sannan ku daina rabawa kyauta. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, ai kwabo ake sayar da ita, shi ya sa ma sunan. Abin da mutum ya sa kuɗinsa ya saya ba zai naɗe tsire da shi ba. Ku sa farashi kaɗan ku kai ƙofar masallaci ranar Juma'a. Dattijon nan kuwa kar ka ba shi haƙuri ta waya, ka sayi goro ka tafi gidansa da wani babba, ka durƙusa. A fitowa ta biyu ku sake buga hoton da rubutu daidai a shafin farko.

Wani matashi, Obalende:
Ni dai gaskiya me ya kai ku takarda a wannan tsadar? Ku yi PDF ku watsa a WhatsApp da Facebook shikenan, ba bashi ba zirga-zirgar Shomolu.

Wata malamar Islamiyya, Idi-Araba:
Ƙanena na Obalende, ban yarda da kai ba. Tsofaffin da aka yi hirar da su nawa ne za su buɗe PDF? Kwafi ɗaya ya zo hannuna, na ba ɗalibaina suna karantawa bi da bi har bangon ya fita, da a waya ce da tuni sun koma kallon bidiyo. A yi duka biyun, a buga kaɗan, bayan sati biyu a saki ta waya. Amma Malam ina da ƙorafi, na duba shafi 24 ɗin nan kaf ban ga mace ko ɗaya ba. Ina ungozomomi, ina masu tuwo-tuwo da suka yi shekara talatin suna ciyar da 'yan ci-rani, ina matan da aka kawo aure Legas tun suna 'yan mata suka tsufa a nan? Su ma suna da tarihi, kuma namiji ba zai shiga ɗaki ya samo shi ba. In kuna so ni zan yi muku hirar, kuma a riƙa turo min rubutu in duba kafin a kai, ido ɗaya ba ya isa.

Wani ma'aikaci, Yaba:
Ƙari kaɗan. In da gaske za ku ɗore, ku yi wa sunan rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ku buɗe asusun banki da sa hannun mutum biyu, kar kuɗi ya riƙa shiga aljihun mutum ɗaya, nan ne zumunci yake lalacewa. Lambar ISSN kuma, wato lambar shaidar mujalla, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake nema, kuma ana ajiye musu kwafi uku na abin da aka buga.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Alhaji, gobe in sha Allahu bayan azahar zan je gidan dattijon, limaminmu ya yarda zai raka ni. Malama kin faɗi gaskiya, mu shidan duk maza ne shi ya sa hankalinmu bai kai nan ba, mun karɓi tayinki hannu bibbiyu. Yayana na Shomolu, saura kwafi wajen 180 a ɗakina ban raba ba, akwai yadda za a yi a cire takardar tsakiyar nan mai hoton a sake buga ita kaɗai a mayar, ko sai dai a bar su haka?