Tsirkiya mai kauri ta jita, a kaɗa ko a bari?

Ɗan Jekadafari: Salam jama'a, ina koyon jita anan Gombe, a zanen kod na C (zanen da ke nuna inda za a danna yatsu) naga an sa x saman tsirkiya mai kaurin nan ta hagu, in na kaɗa duka shida sai sautin ya dagule, meye nufinsa don Allah?

Mai Molo: Alamar x kar ka taɓa ta kenan, alamar o kuma kaɗa ta a sake, ba tare da ka danne ta ba. Mai kaurin E ce, shi ko C bes ɗinsa, wato sautinsa mafi kauri, na tsirkiya ta 5, gida na 3 a wuyan jitar. A kod na D ma tsirkiya biyu ake tsallakewa.

Na Tudun Wada: Ƙanena in kaga D/F#, harafin bayan layin shine bes, lanƙwaso babban yatsa ka danne mai kaurin a gida na 2. Ni sai da yatsana yayi kanta kafin ya zauna wallahi.