Tsawon maciji ko jinsinsa: da wanne doka za ta yi awo?

Mai gabatarwa: Jama'a, ga batun yau. Ana kawo daftarin dokar ƙaramar hukuma mai cewa duk macijin da ya wuce mita 2 ba a ajiye shi a gida, wanda yake da shi ya miƙa wa hukuma. Masu goyon baya sun ce ta haka kaɗai maƙwabta za su yi barci da ido biyu a rufe. Haka ne?

Mai Mesa: Sam. Kububuwa ko mita ɗaya ba ta kai ba, amma dafinta na hana jini daskarewa, kuma ta tsallake wannan doka lafiya lau. Mesar Bama kuwa, wato ta ƙasar Myanmar da kewaye, da kusan rabin mita take fitowa daga ƙwai, ta wuce mita 2 cikin shekara biyu. Ka saye ta halal, ka wayi gari da haram a keji.

Likitan dabbobi: Malam, awon bai yi ba, na yarda, amma kada mu wanke kanmu. Mesar Bama da ta cika fadamun Everglades a Fulorida daga hannun 'yan kasuwa da masu kiwo ta fito, har Amurka ta hana shigo da ita a 2012. Ga kuma sakaci. Mesa mai dunƙulewa na son gefe ɗaya na keji a digiri 31 zuwa 32, ɗayan wajen 25. Sai a sa shimfiɗar ɗumi ba na'urar daidaita zafi, cikinta ya ƙone tana kwance. Danshi ya yi ƙasa, saɓa ta manne a ido da ƙarshen wutsiya. Ban ma taɓo salmonela ba, ƙwayar cutar da mutum ke ɗauka daga irin waɗannan dabbobi, wadda ta sa Amurka ta hana sayar da kunkuru ƙasa da inci 4 a 1975.

Mai Damo: Likita, ai dokar 1975 ɗin mu take goya wa baya. An gano illar, yara na wasa da ƙananan kunkuru suna kai hannu baki, aka nufe ta kai tsaye. Ƙwace kuwa abu biyu take haifarwa: wani ya saki dabbar a daji cikin dare, wani ya ɓoye ta, ba zai sake kawo muku ita ba ko tana mutuwa. Da Tarayyar Turai ta sa kunkurun ruwa mai jan kunne cikin jerin hani a 2016, bar wa masu shi ta yi su riƙe har ya mutu, ban da sayarwa, ban da hayayyafa.

Hajiya: To ku kawo abin da za a rubuta mana, ƙi kaɗai ba ya sauya daftari. Ingila tun 1976 lasisi take bayarwa kan masu haɗari: likitan dabbobi ya duba wurin, mai dabba ya yi inshora. A ƙara da kwaɗo a ƙofar gilashi, domin maciji da hanci yake bin kowace kusurwa yana turawa. Mai dafi, ƙofa biyu tsakaninsa da waje, da sanin asibitin da ke da makarin dafin jinsinsa. Babbar mesa, mutum biyu kafin a buɗe keji.

Mai Mesa: Hajiya, duk na sa hannu. Amma wa zai yi dubawar? Jami'in da bai raba damo da guza ba?

Likita: Mu za mu yi, in an biya daga kuɗin lasisin. A rubuta hakan a sashen farko.