Tambaya: Shin tsohuwar tashar fito ta Lakwaja ta isa a kai ɗalibai ziyara?

Malamin Tarihi, Katsina:

Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a cikin birnin Katsina, kuma muna shirin kai ɗaliban ajin ƙarshe Abuja ziyarar ƙaro ilimi. Na ba hukumar makaranta shawarar a ƙara kwana guda mu ƙarasa Lakwaja, domin yaran su tsaya a bakin kogi inda jiragen fito suka saba ɗauka da saukewa tun kafin a yi gadoji. Wasu abokan aikina ba su gamsu ba. Sun ce wurin ƙarami ne, daga 'yar inuwa da wurin zama sai kwalekwale da hayaniyar kasuwa, don haka bai kai a ƙara tafiyar kimanin kilomita 200 daga Abuja saboda shi ba. Ni kuwa abin da nake dubawa shi ne, yawancin yaran nan ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Ajiwa ko na Jibiya ba, alhali muna koya musu cewa ta ruwa Turawa suka shigo Arewa. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su gaya mini ko ya cancanci zuwa, da lokacin da ya fi dacewa, da kuma ko ya kamata a bar yara su shiga jirgi.

Alhaji Mai Fatauci, Daura:

Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina bin hanyar nan da kaya zuwa kudu, kuma shawarata ita ce ku je, amma ku zaɓi lokaci. Kada ku kuskura a watan Satumba ko Oktoba, domin a lokacin ne kogunan Kwara da Binuwai suke cika maƙil. A 2012 da kuma 2022 ruwa ya hau titi a wajen Koton Karfe, manyan motoci suka yi jerin gwano na kwanaki babu gaba babu baya. Idan kuma aka yi nisa cikin hunturu, hazo yakan rufe kogin har mutum ya kasa hango tsallake. Watan Nuwamba ya fi, ruwa ya fara ja, sararin sama kuma bai turnuƙe ba. Idan kun zo Gadar Murtala da ke Jamata, ka sa direba ya rage gudu, ka gaya wa yaran cewa kafin a yi ta, duk motar da za ta haye sai ta jira jirgin fito, wanda ya makara kuwa ya kwana a gaɓa.

Tsohon Malamin Kwaleji, Ƙofar Sauri:

Malam, abokan aikinka sun faɗi gaskiya game da girman wurin, sai dai sun auna shi da ma'aunin da bai dace ba. Tashar fito ba gini ba ce irin Gobarau da za a tsaya ana kallon tsayinsa. Darajarta tana cikin abin da ya ratsa ta, shi ya sa wanda ya je ba tare da ya shirya ba zai ga laka da kwalekwale kawai ya juyo.

Ka fara da dalilin da ya sa garin ya zauna a nan. A Lakwaja ne Binuwai yake haɗuwa da Kwara, saboda haka duk jirgin da ya taso daga teku, ko ƙasar Nufe ya nufa ko Adamawa, dole ya biyo ta gabanta. Wannan ne ya sa wani Bature, Likita Baikie, ya kafa zangon ciniki a wurin wajen 1860, kuma mutumin ya koyi Hausa har ya yi tattaki zuwa Kano a 1862. Daga baya kamfanin cinikin Turawan Ingila mai suna Royal Niger ya mai da garin ɗaya daga cikin manyan cibiyoyinsa. A ranar 1 ga Janairu, 1900, a Lakwaja aka sauke tutar kamfanin aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga ya shelanta mulkin mallaka a kan Arewa tun bai ci Kano da Sakkwato ba, domin sai a 1903 ya ci su. Hedikwatar ba ta daɗe a nan ba, aka mayar da ita Jebba, sannan Zungeru a 1902, sannan Kaduna a 1917. Idan yaro ya tsaya a gaɓar ya fahimci cewa sojoji da bindigogi da ma'aikata duk ta irin wannan mashigi aka sauke su, darasin da yake haddacewa don jarrabawa zai zauna masa a zuciya.

Abu na biyu, wanda ni ya fi taɓa ni, shi ne unguwar Kabawa. Lakwaja ce Turawa suka mayar wurin tsare sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu Babba a can ya ƙare rayuwarsa a 1926, haka Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mashahurin mawaƙi, wanda aka tuɓe a 1920 ya rasu a can a 1924. Kaburburansu suna nan a unguwar ta Kabawa. Ku nemi izini daga dattawan unguwa, ku shiga da ladabi, ku yi musu addu'a. Bai kamata ɗan Arewa ya je Lakwaja ya ɗauki hoto a bakin ruwa ya dawo bai san da wannan ba. Idan lokaci ya rage, ku hau Dutsen Patti, domin daga samansa ne ake ganin mahaɗar kogunan sosai.

Hajiya Uwar Ɗalibai, Katsina:

Malam, ni a matsayina na uwa, tambayarka ta uku ce ta tsaya mini a rai. 'Ya'yanmu na tudu ne, da wuya a samu wanda ya iya iyo a cikinsu, kuma kowace damina muna jin labarin kifewar jirage a jihohin Neja da Kebbi da Kogi, galibi saboda lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya. Idan har za su shiga ruwa, to a yi shatar jirgi na musamman, kada a haɗa su da fasinjan kasuwa da buhunan kaya, kowane yaro ya ɗaura rigar kariya tun yana kan tudu, a kuma fita da hantsi a dawo kafin azahar. Hedikwatar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, a Lakwaja take, don haka ku rubuta mata takarda tun da wuri ku nemi jagora. Idan ba a samu waɗannan ba, su tsaya a gaɓa su yi kallo, babu abin da ya ragu. Haka kuma a sanar da iyaye a rubuce cewa akwai batun shiga ruwa, kowa ya sa hannu da saninsa.

Alhaji Mai Fatauci, Daura:

Hajiya ta yi gaskiya, ba ni da abin cewa. Abin da zan ƙara kawai, Malam, shi ne ku ware lokaci ku zauna da masu fiton kansu. Yawancinsu suna jin Hausa, kuma da yawa gadon sana'ar suka yi. Su za su nuna wa yaran yadda ake gane wuri mai zurfi da wurin da yashi ya taru ta hanyar duban fuskar ruwa, da yadda hanyar jirgi take sauyawa tsakanin damina da rani. Ku fara da gaishe da shugabansu, kuma kada a ɗauki kowa hoto sai ya yarda.

Malamin Tarihi, Katsina:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan gabatar wa hukumar makaranta watan Nuwamba, tare da sharuɗɗan da Hajiya ta gindaya a kan shiga jirgi. Yallaɓai na Ƙofar Sauri, in babu takura, ina so ka zo ka yi wa ɗaliban bayani a kan sarakunan da aka kai Lakwaja mako guda kafin mu tashi.