Neman shawara: Kano zuwa Maiduguri da Hajiya, jirgi ko mota?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A watan Janairu za mu je Maiduguri bikin ƙanena, tare da mahaifiyata. Ciwon baya ya hana ta dogon zama, ko zuwa Wudil aka yi sai an tsaya ta miƙe. Don Allah daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Maiduguri nisan nawa ne, kuma awa nawa ake yi? Ba na so ta jigata.

Wani mai sayar da tikiti:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya. A sama nisan kamar kilomita 500 ne, wajen awa ɗaya ke nan idan jirgi ya miƙe kai tsaye. Matsalar ita ce samun irin wannan jirgin, don sau da yawa sai an bi ta Abuja. Kano zuwa Abuja kamar kilomita 360, kusan awa ɗaya. Abuja zuwa Maiduguri ya kai 700, kusan awa ɗaya da rabi. Ka ga tafiyar ta ninka. Kuma zaman jira tsakanin jirage biyun ne ke cin yini, ba tashin ba. Idan kamfanoni daban-daban ne, sai ka ɗauki jakunkunanku ka sake shiga layi. Ka fara tambayar ko akwai na kai tsaye a makon, in akwai ka kama shi ko da ya fi tsada.

Wata 'yar'uwa:
Yaya, kada ka manta Janairu lokacin hunturu ne. Hazo na iya sa a ɗage tashi ko a soke shi ɗungurungum, don haka ku tafi ana saura kwana biyu ɗaurin aure. Tun wajen yankar tikiti ka ce kuna buƙatar keken tura marasa lafiya, ka kuma tambaya yadda za a taimaka mata a matakalar jirgi, nan ne tsofaffi ke shan wuya. Magungunanta da katin shaidarta su zauna a jakar hannu.

Wani direba daga Potiskum:
Alhaji, ta ƙasa kusan kilomita 600 ne, ta Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu. Mai lafiya ya tashi bayan asuba zai isa da rana tsaka ko la'asar. Amma daga Damaturu zuwa Maiduguri akwai shingayen jami'an tsaro, kuma ba hanyar da ake bari dare ya yi ba ce. Ni sana'ata ke nan, amma da mahaifiyata ce mai wannan ciwo, wallahi jirgi zan sa ta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan nemi na kai tsaye. In babu, za mu kwana a Abuja wajen yayata, Hajiya ta huta, washegari mu ƙarasa.