In biya kuɗin kallon WSOP ne, ko rahoton rubutu ya ishe ni?

Dogon Yaro: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Babbar gasar foka (wasan karta na kuɗi) ta duniya, wato WSOP, ta 2025 ta fara a Las Vegas ta Amurka, kuma mutum uku nake son bi: Daniel Negreanu, Phil Ivey da Michael Mizrachi. Ba teburin ƙarshe ne ya dame ni ba, wannan kowa zai ji labarinsa. Kwanakin farko nake so, in ga yadda gwani yake tara kwabbai, wato ƙwayoyin da ake zubawa a wasan a madadin kuɗi, daga 60,000 ɗin da ake ba kowa. Intanet ɗina ba ta da ƙarfi, kuma da sassafe nake fita aiki. In biya PokerGO, masu nuna bidiyon gasar ta intanet, na wata ɗaya ne, ko rahoton rubutu na shafin PokerNews ya wadatar? Wanda ya gwada duka biyun nake son ji daga bakinsa.

Sarkin Zumuɗi: Biya kawai ɗan'uwa! Ranar teburin ƙarshe ba abin da ya kai ka ga katin kowa da idonka. Dala 15 ce a wata.

Gwaggon Yara: Wace dala 15? Ni wajen 20 aka cire min. Ka daɗe ba ka duba ba.

Sarkin Zumuɗi: To ai na shekara na yi, in ka raba shi wata-wata ko 10 bai kai ba.

Malam Lissafi: Yaron nan ya ce kwanakin farko yake so. Ƙanena, mutum wajen dubu goma ke shiga, bara 10,112 ne. Ranar farko kaɗai kashi huɗu ake raba ta. Kyamara kuwa tebur kaɗan take ɗauka, saura ɗaruruwan tebura ba mai ganinsu sai 'yan rahoto da ke zagayawa da takarda. In ba a kai gwaninka teburin kyamara ba, ka biya kuɗi ka kwana kallon baƙi. Sannan in ka ga adadin kwabbai kada ya ruɗe ka. Raba shi da babban zubin dole na wannan matakin, wato kwabban da ɗan wasa ke zubawa tilas kafin a raba kati, domin duk awa biyu zubin yake hawa. Mai 200,000 a rana ta biyu attajiri ne, mai 200,000 a rana ta biyar yana neman numfashi.

Na Bakin Ƙofa: In Phil Hellmuth ne, gwanin nan da ya yi suna wajen faɗa, ba sai ka biya ba. Ranar da aka cinye shi, ko kana ƙarƙashin bargo za ka jiyo faɗansa.

Baba Tsoho: Ɗana, kallo dai ka yi kallo, amma ka ji abin da ya same ni a 2023. Akwai wani ɗan wasa da nake bi shekara da shekaru, ba zan kama sunansa ba. Ya yi tallar cewa yana sayar da kaso daga kuɗin shigarsa, dala 10,000 ɗin nan. Na sayi kashi 2 cikin ɗari. A lissafi dala 200 ke nan, amma ya ce shi gwani ne, sai an ɗora masa, na biya 260. Daga ranar kallo ya daina yi min daɗi. Da can in an cinye mutum sai in ce kai, wasa ya yi kyau. Yanzu kuwa cikina ke juyawa. Rahoto ba ya kawo sunansa kullum, tunda ba ya cikin manyan taurari, sai in yi ta sabunta shafi cikin dare ina neman layi ɗaya a kansa. Wani lokaci awa uku shiru, ban sani ba yana zaune ko ya tashi. Daren da aka zo bakin kuɗi, inda mutum ɗaya zai fita hannu rabbana sauran duk su samu, ana buga hannu, wato rabon kati, ɗaya-ɗaya a duk tebura a jira juna, ban runtsa ba. Ya tsallake. Bai jima ba aka fitar da shi da mafi ƙarancin lada, dala 15,000. Nawa 300 ke nan. Sai ya aiko cewa Amurka ta cire masa harajin kashi 30 cikin ɗari a kan ribar, don haka nawa ya koma 270. Na ce na ji, turo. Yau ne, gobe ne, yana wata gasar, wayarsa ta lalace. Daga baya ya daina amsa saƙo gaba ɗaya. Har yau ina ganin hotonsa a tebura yana dariya. Ba kuɗin ne ke ci min rai ba kamar yadda na riƙa yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya.

Gwaggon Yara: Allah ya mayar da alheri Baba. Amma ɗori har kashi 30? Ni wanda na taɓa gani kashi 10 ya ɗora.

Malam Lissafi: A wannan gasar ana ɗorawa fiye da haka ma, saboda 'yan koyo sun yi yawa a ciki. Abin da mutane ba sa lura da shi, kusan kashi 15 cikin ɗari kaɗai ke samun lada. Ko ya biya ka, Baba, ribarka dala 10.

Baba Tsoho: Na sani Malam. Ka bar tuna min.

Mai Gaskiya: Shi ya sa nake cewa a tsaya ga kallo. Da zarar kuɗinka ya shiga, sunan abin caca, ko wane ne ya riƙe katin.

Dogon Yaro: Na gode iyayena, Allah ya huci zuciyar Baba. Ni ba kaso zan saya ba. Maganar intanet mai rauni fa, bidiyon yana tafiya?

Alhajin Vegas: Duk ku saurara. Ni na shiga Horseshoe, otal ɗin da ake gasar, da ƙafata, na tsaya bayan igiya na kalli wasan nan. Ba ka ganin katin kowa, sai bayan kawuna da ƙarar kwabbai kamar ruwan sama a kan kwano. Wanda bai je ba bai san gasar ba, ya daina ba da shawara.

Malam Lissafi: Alhaji, da girmanka, kai da bakinka ka ce ba ka ga komai ba. Ni tun 2003 nake bi, shekarar da Chris Moneymaker ya ci dala miliyan 2.5 cikin mutum 839, bayan ya samu kujera ta gasar intanet ta dala 39.

Alhajin Vegas: 86 ce, ba 39 ba. An daɗe ana faɗin 39 kafin a gyara. Ga mai bi tun 2003 nan!

Na Bakin Ƙofa: Alhaji ya biya kuɗin jirgi ya je ya kalli ƙeya, yanzu kuma ya dawo yana gyara wa Malam lissafi.

Gwaggon Yara: Kwanaki sun ja, ku bar musu ku duba abin da ke faruwa. Dogo, Mizrachinka da ya ci munduwar zakara a wata gasar WSOP mai kuɗin shiga dala 50,000 karo na huɗu kwanan nan, a rana ta takwas ta babbar gasar saura zubin dole uku kacal ya rage masa, ga shi ya farfaɗo har teburin ƙarshe. Ni kuma Leo Margets ta Sifaniya nake bi. Rabon da mace ta zauna a teburin nan tun Barbara Enright a 1995. Abin haushi, a rubuce na fara ganin labarin, bidiyon da na biya bai ma kawo wurin ba.

Sarkin Zumuɗi: Dole ne Gwaggo. Katin yana da 'yar na'ura a ciki da tebur ke karantawa, shi ya sa muke ganin abin da suka riƙe. In aka nuna nan take, wani zai sanar da na zaune. Jinkirin minti 30 ne.

Gwaggon Yara: Ni na ga ya kai awa guda. Kuma masu saka sakamako a X ba sa tausayin kowa.

Baba Tsoho: Jinkirin me ya hana? Bara ba a idon duniya Jonathan Tamayo yake tashi tsakanin hannu da hannu ya je wurin abokansa ba, ga kwamfuta buɗe a gabansu? Har da Joe McKeehen, zakaran 2015, a cikinsu. Ya tafi da dala miliyan 10, shi kuwa Jordan Griff da ya zo na biyu ba gwanin sana'a ba ne, da kansa kaɗai yake tunani.

Malam Lissafi: A yi adalci Baba, ba a ƙwace masa komai ba, kuma ba a tsakiyar hannu yake zuwa ba. Bana ne aka tsaurara doka a kan na'urori.

Baba Tsoho: In ba laifi, me ya sa aka sauya dokar? Kullum sai an cuci ƙaramin mutum tukuna a ce za a gyara.

Alhajin Vegas: An hana kwamfuta, to wayoyin da ke aljihun 'yan kallo fa? Wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya? Ni da na tsaya a wurin, kowa kansa a sunkuye yake a kan waya.