Gyaran Sarki Yosiya: tuba ce ko tsoron sarki?

Ishaya: Jama'a, na gama karanta 2 Sarakuna 22 da 23. A ganina gyaran Yosiya bai shiga zukatan mutanen Yahuza ba. Sarki ne ya tuba, talakawa kuwa tsoro ya sa suka bi.

Mama Rifkatu: Ɗana, kada ka rage masa lada. Da Hilkiya babban firist ya tsinci Littafin Shari'a a Haikali, wajen 622 kafin haihuwar Almasihu, Shafan magatakarda ya karanta wa sarki, nan take ya yayyage tufafinsa. Ya fitar da kayan gumakan Ba'al da Ashera ya ƙone a kwarin Kidron, ya ƙazantar da Tofet inda ake ƙona yara da wuta. Ko ceton yaran nan kaɗai ai ba ƙaramin abu ba ne.

Ishaya: Mama, ban taɓa sarki ba, jama'a nake nufi. Annabi Irmiya da ya ga zamanin da idonsa ya ce Yahuza ba ta juyo da zuciya ɗaya ba, riya ce kawai.

Malam Bitrus: Ina tare da Ishaya. Fir'auna Neko ya kashe Yosiya a Magiddo a 609, ba a jima ba annabi Ezekiyel ya ga a wahayi mata zaune a ƙofar Haikali suna yi wa gunkin nan Tammuz kuka. Bayan faɗuwar Urushalima ma, waɗanda suka gudu Masar suka ce wa Irmiya tun da suka daina ƙona wa gunkiyar da suke kira Sarauniyar Sama turare suke cikin yunwa da takobi. Ashe a ransu gyaran ne ya jawo musu masifa. Wannan magana tana ci mini rai.

Mama Rifkatu: Malam, Manassa, kakan Yosiya, ya yi shekara 55 a kan gadon sarauta, har cikin Haikali ya kafa gunki. Daga samun littafin zuwa mutuwar Yosiya shekara 13 ce. Icen da ya daɗe yana saiwa ba a tuge shi rana ɗaya. Kuma 2 Tarihi 34 ya ce muddin yana raye ba su bar bin Ubangiji ba.

Ishaya: Muddin yana raye, Mama. Abin da nake faɗa ke nan.

Mama Rifkatu: To Daniyel da abokansa fa, da suka ƙi cin abincin sarkin Babila? Iyayen da suka tarbiyyantar da su a zamanin wa suka ji karatun Shari'a?