Dan Allah a bani shawara, kayan kwastomata sun maƙale a Amurka

Ummu Hanan (Jidda):
Assalamu alaikum 'yan uwa, kuyi haƙuri da tsawon rubutu kaina ne ya ɗau zafi. Ina zaune a Jidda da maigidana, direba ne, kun dai san yadda albashi yake, ga haya ga riyal 400 da ake biyan ma kowane yaro duk wata kafin a sabunta igama, wato takardar izinin zama, shi yasa na fara 'yar sana'ar abaya da turaren wuta da humra. Jarin ma adashi na ɗauka na haɗa da ɗan kunnen gwal ɗina da na sayar a kasuwar Balad, wanda har yau surukata bata daina min gori a kansa ba, duk wayar da za muyi sai ta sako zancen wai a lefe aka sa min shi. To yawancin masu sayen kayana matanmu ne da ke Amurka, da in na aika har ƙofar gida ake kai musu ba ko sisi. Yanzu wata Hajiya tayi oda na bikin 'yarta, ta turo kuɗi na aika, sai kamfanin aike suka kirata wai sai an biya kuɗin fito kafin su saki kayan. Tace ita bata biya, cinikinmu har gida ne. Ta bani zuwa Juma'a ko kaya ko kuɗinta, kuɗin kuma na riga na zuba a wani sarin. Maigida bai sani ba. Ya zanyi?

Maman Walid (Makka):
Wa alaikumussalam. Allah Ya kawo mafita 'yar uwa. Nawa ne kayan, nawa kuma suka ce a biya? Baki faɗa ba.

Alhaji Mai Awo (Riyad):
Hajiya ba cutarki aka yi ba, doka ce ta canza ke baki da labari. Da a Amurka duk ƙunshin da bai wuce dala 800 ba, wato riyal 3,000, shiga yake ba kuɗin fito, tun 2016 haka ake. A watan Mayun 2025 Trump ya soke wannan sassaucin ga kayan Chaina da Hong Kong, sannan ranar 29 ga Agusta 2025 ya haɗa duniya gaba ɗaya. Lokacin har gidajen waya na ƙasashe da yawa sai da suka dakatar da kai ƙunshi can. Saboda Shein da Temu, kamfanonin Chaina masu sayar da kaya ta intanet, aka yi abin, amma ruwa in ya zo baya tambayar gidan wa zai ci. Kuma ki sani ba ƙasar da kika aika daga ita suke dubawa ba, inda aka ƙera kayan suke dubawa. Duba wuyan abayar, in an rubuta Chaina to kuɗin Chaina za a caje ki ko daga gindin Harami kika saro ta. Ki biya kawai ki huce, in ya daɗe kuɗin ajiya zai hau kai, in suka dawo miki dashi ma ke zaki biya na dawowa.

Ummu Hanan (Jidda):
Alhaji ai a nan Jidda aka ɗinka wasu, tela na da kansa. Kuma ni ban ga dalilin da zan biya ba, ita ce a can, gwamnatinta ce ke karɓa ba tawa ba.

Alhaji Mai Awo (Riyad):
Wasu kika ce. Sauran fa? Kuma me kika rubuta a fatura, wato takardar farashin kayan? Nan ne maganar take.

Bint Sudan (Madina):
Ni wallahi abin da ke ci min rai namu na nan ne. Na yi odar 'yan kayan yara da murfin waya ta intanet, duka basu kai riyal 60 ba, da na lissafa dariba, wato harajin VAT, da kuɗin jamarik, wato kwastan, sai naga gara in je kasuwa in saya. Talaka ne kullum ke shan wahala, mai kwantena shi ko a jikinsa.

Alhaji Mai Awo (Riyad):
'Yar uwa ki bambance. A nan Saudiyya kayan mutum na amfanin kansa da bai kai riyal 1,000 ba babu kuɗin fito a kansa. Abin da kika biya dariba ce, kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020, da kashi 5 ce, sai riyal 15 na takardar kwastan da ZATCA, hukumar haraji da kwastan ta Saudiyya, ta sa tun Oktoban 2024. Shi yasa odar riyal 30 sau uku asara ce, ki tara ki yi sau ɗaya. Mai kwantena kuma da kike gani ya fi ki kuka, ni nake fitar musu da kaya na sani.

Maman Walid (Makka):
Ummu Hanan ki rabu da dogon lissafi, nan gaba ki rubuta kyauta ce kike aika ma 'yar uwarki ki rage kuɗin a takarda, kowa haka yake yi. Ko ki jira masu zuwa Umara su tafi miki dashi a jaka. Ni tun da wata ta cinye min kuɗin dabino ajwa katan biyu ta toshe lambata na daina ba kowa kaya sai hannu da hannu, kuma 'yar garinmu ce fa, uwarta da tawa makarantar allo ɗaya suka yi.

Alhaji Mai Awo (Riyad):
Kar ki soma. Kyautar da suka yafe ta dala 100 ce zuwa ƙasa, kuma kyauta ta gaske. Wane ma'aikaci ne zai buɗe kwali yaga abayoyi iri ɗaya cikin leda da tambari ya yarda kyauta ce? Kwace kayan za suyi. Sannan wata tambaya da ba wanda yayi, da sunan wa kike sana'ar nan? Igamar matar direba bata bada izinin kasuwanci, in kuma da sunan ɗan ƙasa kike fakewa wannan tasattur ne, hukuncinsa har ɗaurin shekara 5.

Ummu Hanan (Jidda):
Haba Alhaji, shawara na nema ba tonon asiri ba. 'Yar sana'ar cikin ɗaki ce ba shago na buɗe a titin Tahliya ba. Mata nawa ke yi a nan?

Malam Abu Safwan (Makka):
Ni ta fuskar shari'a zan duba. In kun yi sharaɗi kaya har gida, to Musulmi suna kan sharuɗɗansu, biyan yana kanki. In baku ambata ba kuyi sulhu ku raba biyu. Kuma ki sanar da mijinki yau, ɓoyewar ta fi kuɗin haɗari.

Bint Sudan (Madina):
Malam raba biyun nan ba adalci bane, matar da ke cin dala ita za a tausaya ma?

Ummu Hanan (Jidda):
Malam "har gida" da nace kuɗin aike nake nufi, lokacin ai ban san da wani haraji ba, to ya za a ce nayi alkawarin abin da ban san dashi ba. Maigida kuma ba zaku gane ba, tun farko baya son sana'ar, in yaji uwarsa taji, shikenan an dawo maganar ɗan kunne. Na sake kiran Hajiyar bata ɗauka ba, ta dai turo min hoton katin bikin.

Alhaji Mai Awo (Riyad):
Har yanzu baki faɗi nawa suka ce a biya ba.

Maman Walid (Makka):
Ummu Hanan humrar nan taki nawa kwalba? Ki min magana ta gefe.